Na ƙara wa katin girafik gudu, firem uku kawai na samu

Tambayar yaron shago: "Maigida, na ƙara wa katin girafik, wato katin da yake zana hotunan wasa a kwamfuta, na wani kwastoma gudu da manhajar MSI Afterburner. Cif ɗin katin na ƙara masa megahaz 100, memorinsa na ƙara masa 1000. Wasan da yake ba da firem 60, wato hotuna 60, a sakan ya koma 63 kawai, wani wasan ma ko motsi bai yi ba. A ina na yi kuskure?"

Yarona, fara da lissafi kafin ka zargi hannunka. Idan kati yana gudu a kan megahaz 1900 ka ƙara masa 100, abin da ka ƙara bai wuce kashi 5 cikin ɗari da ɗan ɗoriya ba. Kashi 5 na firem 60 kuwa uku ne. Ke nan a wasan farko katin ya biya ka haƙƙinka daidai. Katunan yanzu da kansu suke ƙara wa kansu gudu. A na NVIDIA tsarin da yake yin haka sunansa GPU Boost, shi ya sa za ka ga katin yana wuce adadin da aka rubuta a jikin kwalinsa tun ba ka taɓa komai ba. Kamfani ya riga ya kwashe mafi yawan rarar, abin da ya rage mana yawanci tsakanin kashi 5 ne zuwa 10.

Wasa na biyu, wanda bai motsa ba, shi ne abin bincike. Amma kafin nan gyara awonka. Ka bar katin ya yi aiki na kamar minti goma sha biyar ya ɗau zafi, domin kati mai sanyi yana nuna gudun da ba zai iya riƙewa ba. Ka auna a wuri ɗaya cikin wasan, da saiti ɗaya, sau uku, ka ɗauki matsakaici. In da manhajar gwaji ta 3DMark Time Spy kake awo, makin girafik za ka duba, ba jimillar maki ba, don jimillar ta haɗa da furosesa, wato babban cif ɗin kwamfutar. Sannan ka kunna RivaTuner, wadda take zuwa tare da Afterburner, ta riƙa nuna maka a kan sikirin yawan aikin katin, gudunsa, zafinsa da wutar da yake sha yayin da wasan yake tafiya. Ka kuma tabbata ka danna alamar amincewa a Afterburner bayan ka ja lambobin. Mutane da yawa suna ja su rufe manhajar haka nan.

Abu na farko da idonka zai kai gare shi shi ne yawan aikin katin. In yana tsakanin kashi 97 zuwa 99, katin ne yake riƙe da tafiyar, ƙarin gudu zai yi amfani. In kuwa yana yawo a 70 ko 80, zaman jira yake yi, furosesa ce ba ta kawo masa aiki da wuri. Ko nawa ka ƙara masa, jiran ne zai ƙaru. Kada ka ruɗu da ganin furosesa tana kan kashi 40 a jimla, domin wasa yana iya cika ƙwaya ɗaya daga cikin ƙwayoyinta fal, sauran suna hutawa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka sauke girman hoto daga 1440p zuwa 1080p. In firem bai ƙaru ba, matsalar ba a katin take ba. A nan sai ka leƙa RAM, wato memorin kwamfutar kanta: sanda ɗaya ce ko biyu, kuma an kunna XMP ko EXPO, saitin da yake sa RAM ya yi cikakken gudunsa, a cikin BIOS, wato manhajar saitin da ke cikin madabod, babban allon kwamfutar? RAM ɗin DDR4 da aka saya a matsayin 3200 yana iya zama a kan 2133 ko 2400 in ba a kunna ba, kuma gyara wannan kaɗai yakan fi duk abin da za ka matsa wa katin. Duba V-Sync ma, saitin da yake ɗaure firem da saurin sikirin. In a kunne yake a kan sikirin mai 60 Hz, firem ba zai wuce 60 ba ko da wane kati ne, haka nan wasu wasannin suna da nasu iyakar a cikin saiti.

To a ce katin yana kan 99 amma ribar ba ta kai lissafi ba. Buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, shafin Sensors, akwai layin da ake kira PerfCap Reason a katunan NVIDIA. Wannan layin shi ne yake faɗa maka abin da ya tare katin.

In ya nuna Pwr, wuta ce ta ƙare masa. Kowane kati yana da iyakar wat da BIOS ɗinsa ya yarje masa, da ya kai can sai ya sauke boltej da gudu da kansa, lambar da ka rubuta ta zama ta ado. A Afterburner ja sandar Power Limit, wato iyakar wuta, zuwa ƙarshenta. Wani katin zai ba ka ƙarin kashi 10 ko fiye, wani ba zai wuce 100 ba. Ramin madabod yana ba da wat 75, kowace igiya mai fil takwas 150. In katin yana da baki biyu, ja masa igiya biyu daban daga akwatin wuta, kada ka raba guda ɗaya. Kuma ban yarda ka ɗora BIOS na wani kati a kan kayan kwastoma don neman ƙarin wuta ba.

In ya nuna Thrm, zafi ne. Yawancin katunan GeForce an saita su a kan digiri 83, amma tun kafin su kai can gudun yana sauka da megahaz 15-15 yayin da zafi yake hawa. Share ƙura, ɗaga gudun fanka, ka ga ko iska tana shiga akwatin tana fita. A manhajar HWiNFO kwatanta zafin cif da na wuri mafi zafi a cikinsa: tazarar digiri 10 zuwa 15 ba komai, in ta haura 25 man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ya bushe ko ƙarfen bai zauna daidai ba. In kuma VRel ya nuna, katin ya kai ƙarshen boltej ɗinsa, babu sauran abin nema.

Katin da wuta ko zafi ya tare, ni na fi son a rage masa boltej. Danna Ctrl da F a Afterburner, jadawalin boltej da gudu zai buɗe, zaɓi wani maki a kansa kamar milibolt 900, ɗaga shi zuwa gudun da katin ya saba kaiwa, ka shimfiɗe duk abin da ke damansa. Sai ya riƙe gudu ɗaya da ƙarancin wuta da ƙarancin zafi. Makin da zai zauna ya bambanta daga kati zuwa kati, gwaji ne zai nuna maka.

Sai 1000 ɗin da ka zuba wa memori a tashi ɗaya, wanda shi na fi zargi. Memorin GDDR6X, irin na RTX 3080, yana gane kuskure a cikin bayanan da aka aika, sai ya sa a sake aikowa. Kamar ɗan aike ne da aka matsa wa sauri yana ta kawo saƙo a karkace ana mayar da shi: gudu yake, amma aikin ya fi daɗewa. Wasa ba zai mutu ba, ba za ka ga ɗigo-ɗigo a hoto ba, maki ne kawai zai riƙa sauka. Don haka mayar da memorin sifili, ka gwada cif shi kaɗai. Bayan nan ka riƙa ƙara wa memorin 100 ko 200, kana rubuta makin kowane mataki. Inda maki ya daina hawa, koma baya mataki ɗaya ko biyu ka tsaya. Ka tuna memorin daga kason wutar katin yake sha, abin da ya ci an rage wa cif ne. Duba zafinsa ma, domin GDDR6X yana rage gudu idan ya kai wajen digiri 110.

Abu biyu na ƙarshe ba su da wuya. A GPU-Z duba Bus Interface yayin da katin yake aiki, ka tabbata yana ramin sama mai x16, ba na ƙasa mai x4 ba. In kuma memorin katin ya cika, misali gigabait 8 a wasan da yake neman fiye da haka, ƙarin gudu ba zai hana tsinkewa ba, sai an rage ingancin fatar hotuna (Texture) a saitin wasan.

Idan ka samu lambobin da suka zauna, bar injin ya yi awa ɗaya ko biyu a cikin wasan da mai shi yake bugawa, don kati yana iya cin jarrabawar Time Spy ya faɗi a wasa. In ya tsaya ko ya fita da kansa, rage megahaz 15 zuwa 30 daga cif ka sake gwadawa. Sannan ka ajiye saitin a Afterburner, ka kunna masa tashi tare da Windows, ka rubuta wa kwastoma firem na da da na yanzu a takarda kafin ya ɗauki kayansa.