Sayen littafin Barth a gwanjon Landan: abin da za a duba kafin a taya

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Samaru, Zariya, ya rubuto cewa: "Na ga wani kamfanin gwanjo na Landan ya sa littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth mai zanuka masu launi a kasuwa ta intanet, kuma kuɗin da suka ƙiyasta bai kai yadda na zata ba. Ina sha'awar fara tara irin waɗannan littattafai. Ta yaya zan gane na ainihi ne, kuma me zan duba kafin in taya?"

Amsa: Malam, arahar da ka gani ita ce abu na farko da ya kamata ka bincika, domin darajar irin wannan littafi tana rataye ne a kan cikar zanukansa da taswirorinsa, kuma sau da yawa idan ƙiyasi ya faɗi ƙasa, to akwai abin da ya ɓace daga ciki.

Barth matafiyi ne Bajamushe da ya ratsa ƙasar Hausa. Bugu na farko na littafinsa da Turanci ya fito ne daga kamfanin Longman a Landan cikin mujalladi 5, uku na farko a 1857, biyu na ƙarshe a 1858, yayin da na Jamusanci ya fito daga kamfanin Justus Perthes a garin Gotha a shekarun nan guda biyu. Cikakken kwafi na Turanci yana ɗauke da zanuka masu launi 60 da taswirori 15, ban da ƙananan zanukan da ke cikin rubutu. Ka rubuta wa kamfanin gwanjon ka nemi rahoton halin da littafin yake ciki, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa, ka tambaye su ƙarara ko sun ƙirga zanukan ɗaya bayan ɗaya sun gwada da jerin da ke farkon kowane mujalladi. Ka nemi hoton shafin suna na kowane mujalladi, saboda dillalai kan haɗa mujalladan da ba tare aka buga su ba domin su cika biyar. Haka kuma ka nemi hoton taswirorin a buɗe, tun da a bakin ninki suke yagewa.

Dalilin wannan tsanani shi ne akwai masu sana'ar farke tsofaffin littattafai su sayar da zanukan ɗai-ɗai ga masu ƙawata bango. Zanen da aka fi so shi ake fara cirewa, kuma a wajenmu babu kamar na birnin Kano yadda ake hango shi daga kan Dutsen Dala, inda Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasashen nan, ya isa a 1851. Ra'ayina shi ne kada ka sayi zanen da aka yanko, ko da ya yi maka kyau, domin kuɗinka ne zai sa a farke wani littafin gobe.

Game da gane na ainihi, waɗannan zanuka an buga su ne da dutse: ana zana hoton a kan shafaffen dutse da alli mai maiƙo, a shafa tawada, a danna takarda, kuma kowane launi da nasa dutsen. Idan ka ƙara girman hoton da aka aiko maka, za ka ga tawadar ta zauna barbaɗe-barbaɗe ba bisa wani tsari ba. Idan kuwa ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere sahu-sahu, to bugun zamani ne da aka ɗauko da kyamara. An sake buga littafin a 1965 cikin mujalladi 3 a kamfanin Frank Cass, kuma wannan bugun yana da amfani ƙwarai ga mai karatu, amma ba shi ne masu tarawa ke tayawa da tsada ba. Jajayen tabo irin na tsatsa a jikin takarda abu ne da aka saba gani a littafin da ya haura shekara 160. Yana rage kuɗi idan ya hau kan zanen kansa, amma ba shaida ba ce ta jabu.

Akwai abin da nake so ka riƙe a matsayinka na malami. Barth ya yi zanukan farko ne a hanya, sannan wani mai zane Bajamushe, Johann Martin Bernatz, wanda bai kasance cikin tafiyar ba, ya ƙawata su domin bugawa. Saboda haka abin da ka gani na ganuwa da gidaje da tufafi ya bi ta hannu biyu, kuma ya kamata a gwada shi da bayanin da ke cikin rubutun kafin a kafa hujja da shi. Sannan idan Zazzau kake nema, Barth bai shigo Zariya ba. Hugh Clapperton, matafiyi ɗan Birtaniya, shi ne ya ratsa ta a 1826, kuma labarin yana cikin littafin tafiyarsa ta biyu da aka buga a 1829, bayan rasuwarsa a kusa da Sakkwato a 1827.

Sai batun kuɗi. Abin da aka sallama maka a kansa ba shi ne abin da za ka biya ba, domin kamfanin yana ɗora la'adarsa a kan mai saye, wadda kan kai kashi 25 cikin 100 ko fiye, ga kuɗin aikowa da inshora da abin da kwastan za su iya nema, duk a kan canjin fam na ranar biya. Ka lissafa wannan tun da wuri, ka yanke iyakar da ba za ka wuce ba, ka bar tayinka a rubuce wajen kamfanin maimakon ka zauna ana ja-in-ja kai tsaye, inda zuciya kan ɗebi mutum. Ka karanta sharuɗɗansu a kan mayar da littafin da aka samu bai cika ba, domin wa'adin gajere ne, kuma akwai kayan da ake sayarwa bisa sharaɗin ba a mayarwa.

Kafin duk wannan, ka ziyarci Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ko Gidan Arewa da ke Kaduna, ka nemi a nuna maka tsofaffin bugu da suke da su, domin idonka da hannunka su saba da takardar ƙarni na 19.

Idan Allah ya sa littafin ya iso, yanayin Zariya zai gwada shi ta fuska biyu: laimar damina tana kawo fumfuna da tabo, bushewar hunturu kuma tana tsattsaga fatar bango. Ka ajiye shi a kabad mai rufi da ba ya jingine da bango, sama da ƙasa sosai saboda gara, nesa da hasken rana da ke kashe launi. Kada ka naɗe shi a leda, kada kuma ka liƙe yagewa da salatif. Ka sa kowane mujalladi a kwali daidai girmansa, ka riƙa buɗe shi kana dubawa a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa.