DTM na kwalba da DTM na taswira: wanne za ka saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon magungunan dabbobi a Birnin Kebbi. Likitan da muke aiki tare ya ce in sayo DTM don gwajin makero. Da na duba intanet, wasu na sayar da shi a kwalba, wasu kuma sai su tambaye ni hekta nawa ce. Wanne ne na gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Duka na gaskiya ne, haruffan ne kawai suka zo ɗaya. Masu tambayar hekta 'yan safiyo ne, ba ruwanka da su.

Naka shi ne na kwalba, wato Dermatophyte Test Medium. Wani abu ne mai kama da daskararren kunu, launin ɗorawa, da ake dasa gashi ko ɓawon fatar dabba a kai. Idan ƙwayar makero ta tsiro, sai ya koma ja, galibi cikin kwana 14. Jan da ya bayyana bayan nan ba abin dogaro ba ne, domin wasu fumfunan ma suna sauya launin idan sun daɗe. Tun 1969 ake amfani da shi.

Amma kafin ka zuba kuɗi, tambayi likitan wace dabba ya fi gani. Idan karnuka da kyanwoyi ne, saya. Idan shanu ne, ni ba zan gaggauta ba: ƙwayar da ta fi kama shanu tana da nawar tsiro, kuma kirci, wanda makiyayanmu suka fi kuka da shi, bakteriya ce ke kawo shi, ba zai fito a DTM ba tunda an zuba masa magungunan kashe bakteriya. Madubin likita da ruwan KOH, sinadarin da ake ɗiga wa gashi ko ɓawon fata kafin a duba, za su fi yi muku aiki. In ka saya, ɗauki kaɗan, duba ranar ƙarewarsa, ka ajiye a firiji. Zafin Afrilu a Kebbi ba ya raga wa irin wannan kaya.

Tambaya: Malam, ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Argungu na son gyara fadama, an ce sai mun biya a yi mana DTM. Ɗana ya ce akwai na kyauta.

Amsa: Alhaji, yaron bai yi ƙarya ba. Naku DTM ɗin, wato Digital Terrain Model, taswirar kwamfuta ce mai nuna tudu da kwarin ƙasa tsurarta, ba bishiya ba gini. Na kyautan ya samo asali ne daga awon da kumbon Amurka ya yi a Fabrairun 2000, ana buɗe shi da manhajar QGIS. Sai dai kowane ɗigo a cikinsa faɗin mita 30 ne, kuskuren tsayinsa kuma yakan kai mitoci. Zai nuna muku inda ambaliya ke bi, amma ba zai daidaita fangali ba, inda tazarar yatsu huɗu ke hana ruwa zama.

Ku ɗauki mai safiyo da ke da rajistar SURCON, hukumar da ke yi wa 'yan safiyo rajista a Najeriya. Ya rubuta muku a takarda santimita nawa ne iyakar kuskurensa, kuma ya ba ku fayil ɗin kansa, ba hoto kaɗai ba. Idan da jirgi mara matuƙi zai yi, ku bari sai bayan girbi, domin kyamararsa saman ciyawa take aunawa.