Amsa ga mai tambaya kan sitibiya, zuma da dabino a madadin suga

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Na ga tambayarki cewa likita ya hana shi suga, shi kuma ba ya iya karyawa sai da shayi mai zaƙi, kina son sanin ko zuma, dabino ko mazarƙwaila za su wadatar, ko ki sayi ganyen nan sitibiya da ake ta talla. Shekara shida ke nan ina girki wa mai ciwon suga, wato maigidana, kuma kusan duk kuskuren da ake yi a wannan harka na yi shi da hannuna.

Na farko shi ne zuma. Ranar da aka tabbatar masa da ciwon na kwashe kwalin suga na ba maƙwabta, na aika aka sayo mana zuma farar saƙa, ina zuba masa cokali biyu a shayi safe da yamma, hankalina kwance. Wata biyu muna haka, duk sanda ya gwada jininsa bayan karin kumallo lambar tana sama, har muka fara zargin na'urar. Wata nas ce ta zaunar da ni ta tambayi abin da yake ci ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan zuma sai ta ajiye biro. Kusan kashi 80 cikin ɗari na zuma suga ne, saura yawanci ruwa. Ba na ja da cewa akwai waraka a cikinta, Alƙur'ani ya faɗa, amma magani ma da awo ake shan sa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2015 ta lissafa zuma cikin sugan da ake so a rage, ta ce ko mai lafiya ya fi masa kyau ya tsaya a wajen giram 25 a rana, ƙaramin cokali shida ke nan.

Mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare, uwarsu ɗaya da farin suga, tacewa ce kawai ba a yi mata ba. Busasshen dabino fiye da rabin nauyinsa suga ne. Ƙwaya ɗaya ko biyu a buɗa-baki daban, a markaɗa cikin kofi guda a juye a kunun aya daban.

Sitibiya ita ce ta bambanta da su. Ganye ne ɗan asalin Faraguwai da Burazil, mutanen Gwarani sun daɗe suna saka shi a shayinsu na gargajiya tun kafin Turawa su san da shi. Abin da ke ba shi zaƙi ba suga ba ne, wani sinadari ne da ya ninka suga zaƙi sau 200 zuwa 300 idan an tace shi, kuma jiki ba ya mayar da shi suga, shi ya sa ba ya ɗaga sugan jini. Japan ta fara sayar da shi tun shekarun 1970, Amurka ta amince da tataccensa a 2008, Tarayyar Turai a 2011. An kuma yanka masa iyaka, miligiram 4 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana, wanda mai shan shayi kofi biyu ko uku da wuya ya kai.

Sai dai a kasuwa ne ake yi mana sakiyar da ba ruwa. Na taɓa sayen wani farin gari a wajen wata mai talla a waya, kwali kore shar da hoton ganye, an ce cokali ɗaya daidai yake da cokalin suga. Yi lissafi da kanki: abin da ya ninka suga sau ɗari biyu, ta yaya zai cika cokali? Ashe ciko ne ya fi yawa. Da na juya bayan kwalin, abu na farko a jerin kayan haɗin shi ne maltodextrin, wanda daga sitacin masara ake yin sa, kuma yana ɗaga sugan jini da sauri kamar suga ko fiye. In kin ga wannan suna ko dextrose, wanda shi ma wani nau'in suga ne, a sahun farko, mayar musu da kayansu. Wasu kuma da wani sinadarin zaƙi mai suna erythritol ake cika su. Shi ba ya ɗaga sugan jini, amma in ya yi yawa yana kumbura ciki, kuma wani bincike na asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka a 2023 ya alaƙanta yawansa a jini da daskarewar jini, don haka in Baba yana da matsalar zuciya ki tambayi likitansa. Ki duba lambar NAFDAC ma.

Ni yanzu busasshen ganyen nake amfani da shi, ko na ruwa mai ɗigo. Ganyen nakan ɗebi abin da yatsa uku suka kama, in jiƙa a kofin ruwan zafi minti goma, in tace in sa a firji, ya yi mana kwana biyu zuwa uku ana tsiyayawa kaɗan-kaɗan. Kada ki cika hannu. Zaƙinsa yana zuwa a makare, sannan ya bar wani ɗaci-ɗaci a maƙogwaro, in ya yi yawa kofin ya tashi daga aiki. Ranar farko maigida ya kurɓa ya ture, ya ce wannan ai jiƙo ne. Sai da muka yi kusan mako uku kafin bakinsa ya saba. Tsami da kayan ƙamshi suna rufe ɗacin sosai: a zoɓo mai citta da kanumfari ko baƙo ba ya ganewa, haka a tsamiya, nono, da shayi mai lemun tsami ko na'ana'a.

Inda ba ya aiki shi ne suya da gashi. Yis ba ya cin sa, ba ya sa abu ya yi ja, ba ya ba kek jiki. Fanken da na gwada da shi fari fat ya fito kamar marar lafiya. Dublan da alkaki kuwa ki manta, su da ma a ruwan suga ko zuma suke wanka.

 

Abin da ya fi ba ni wahalar fahimta shi ne sitibiya sugan cikin kofi kawai take cirewa. Koko, kunun zaƙi, fura, duk hatsi ne, suna shiga ciki su koma suga ko ba ki sa musu komai ba. Mun yi wata guda ina alfahari da shayinsa, alhali rabin burodi yake ci da shi. Sai da muka rage burodin muka ƙara ƙwai da ƙosai sannan lambar ta sauko. Ki sayi na'urar gwaji, a gwada Baba awa biyu bayan cin abinci. Yawanci ana so ya kasance ƙasa da 180, ko 10 in ɗayan ma'aunin na'urarku ke nunawa, sai dai in likitansa ya yanka masa wata lambar. Duk wanda kuma ya ce miki ganyen nan yana warkar da ciwon suga har a ajiye magani, kuɗinki yake so.

Kuma kada ki yi irin tawa ki raba gidan da suga gaba ɗaya. Mai shan wasu magungunan ko allurar insulin, sugansa kan faɗi. Wata rana da la'asar maigida ya dawo bai ci abincin rana ba, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na rawa, maganarsa na harɗewa. 'Yata ta ruga ta haɗo masa shayin sitibiya don shi ta saba gani. Da shi muka tsaya jira, da Allah kaɗai Ya san ƙarshen abin, don babu abin da zai ɗaga masa suga a ciki. Gidan maƙwabtan da na ba kwalin nan na aika aka karɓo, na dama babban cokali ɗaya a ruwa ya sha, bayan minti goma sha biyar muka sake gwadawa. Tun daga ranar akwai ƙwayar suga huɗu a ƙulle a leda cikin aljihun rigarsa, huɗu a mota, huɗu a durowar gefen gado.