Tambaya da amsa: sitiyari na rawa, tayar gaba ta ƙi ja

Damina ta kankama, shi ya sa saƙonnin wannan makon kusan duk na masu tsofaffin Hilux da Land Cruiser ne.

Daga Kujama: Hilux ɗina tsohuwa ce mai makulli a tayar gaba. Na kafe a taɓo hanyar gona, na sa ogzileri, wato ƙaramar giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, amma tayoyin baya kaɗai ke juyawa. Bakanike ya ce giyar ce ta mutu sai an sauke. In yarda?

Kar ka yarda tukuna Alhaji. Ka sauka ka murɗa makullin nan daga FREE zuwa LOCK, kuma duka biyun? Don in ɗaya ne kawai ya shiga gaba ba za ta ja ba ko kaɗan. In ka yi hakan kuma ba ta ja ba, to ga gwajin da ba ya cin ko sisi: a ƙasa mai tauri, ka ja hambirki ka sa dutse a bayan taya, ƙaramar giyar tana H2 (inda tayoyin baya kaɗai ke ja), ka kulle hob ɗin biyu, wato makullan nan na tayar gaba, ka ɗaga tayar gaba guda da jak ka juya ta da hannu, yaro ya leƙa daga gefe, ban ce ya shiga ƙarƙashi ba, ya ga ko furofelar gaba, sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa tayoyin gaba, na juyawa. In tana juyawa hob lafiya lau, sai a koma kan giya. In ba ta motsa ba matsalar tana nan bakin taya, kuma yawanci tsohon giris ne ya haɗu da ruwa da ƙura ya daskare, ko wani yaron gareji ya cika shi da giris fal yana ganin gwaninta ce har sifirin ɗin ciki ya kasa tura haƙorin. A wanke da kananzir, a shafa giris kaɗan, a sa sabon gasket. Sannan ko da rani ka riƙa kulle su kana tafiyar kamar kilomita 16 duk wata, haka littafin Toyota ya ce.

Daga Rigasa: Ni ina barin tawa a H4, inda tayoyi huɗu ke ja, har cikin gari don ta fi ƙarfi, amma sitiyarin na tauri taya na kuka a kwana.

Haba malam, wane ƙarfi kake nema a kan Ahmadu Bello Way? Irin waɗannan motocin in ka sa H4 gaba da baya a ɗaure suke, a laka taya na samun inda za ta ɗan zame, a kwalta babu, sai giya da aksil su sha wuyar. Cire ta yau. In sandar ƙaramar giyar ta ƙi fita yi ribas kaɗan a miƙe za ta saki.

Daga Mando: Land Cruiser ɗin marigayi maigidana ce, da ita direba ke kai kaya Kachia muke cin abinci ni da yara. Ya ce sitiyari ya yi wasa, kuma in ta faɗa rami gaban yana karkarwa. Ban san komai a mota ba, ina tsoron a cuce ni, ina kuma tsoron haɗari.

Allah Ya jiƙansa Hajiya, Ya raya abin da ya bari. Kwantar da hankalinki, wannan abu ne da ake gani da ido, ki tura ƙaninki ko babban ɗanki ya tsaya a kan aikin. Mota na ƙasa, direba ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, shi kuma ya zuba ido kan tayarod, ƙarfen da ke juya taya in an murɗa sitiyari, da sandar da ta taso daga akwatin sitiyari, duk gaɓar da ta yi ƙwas kafin taya ta motsa ita ce ta ci. Sai a ɗaga tayar a kama sama da ƙasa a girgiza, in ta yi wasa to boris ɗin taya ne ko na kimfin. A duba notin akwatin sitiyarin da iskar taya da balansin, alaimen shi ne na ƙarshe bayan an canja abin da ya lalace. Amma motar nan kar ta sake ɗaukar kaya sai an gyara, ko da za a rasa lodin sati guda.

To ga inda nake son kowa ya saurare ni, don abin nan na ci min rai. Mutum zai kashe kuɗi kan fenti da rediyo da fitilu masu walƙiya, in an zo tayarod sai ya ce a ba shi na araha. Za a miƙo maka guda a kwali mai kyau an rubuta sunan kamfani, kuɗinsa bai kai rabin na gaske ba, kai ma ka san dalili amma ka karɓa. Ka juya shi a hannunka mana, robar ta yi ƙyalli kamar leda, zaren noti duk kaushi, kan yana lilo da yatsa ɗaya alhali sabo mai kyau sai ka sa ƙarfi yake motsi. Mafi muni masu bubbuga tsohon da guduma ko su cusa masa leda wai ya matse, da masu kai sandar sitiyari wurin mai walda. Wannan ƙarfen shi ke haɗa tayarka da sitiyari, ranar da ya fice kana gudu da buhun masara a baya sitiyarin zai juya a hannunka taya ta tafi inda ta ga dama, kuma mai acaɓa da ɗan makaranta da ke gefen titi ba su suka saya maka jabu ba. In kuɗin sabo orijina bai kama ba gara Beljiyam mai kyau da ka taɓa da hannunka, ka shiga Oriakpata, kasuwar kayan mota ta Kaduna, da bakaniken da ka yarda da shi, ka kuma ce a ba ka tsohon da aka cire. Kar a ɗaure notin saman akwatin sitiyari tamau don ɓoye wasa, yana cinye haƙorin ciki, kuma sabon shokazoban sitiyari rufe karkarwar kawai yake yi.

Daga Kakuri: Man sitiyari ya ƙare, zan iya zuba man birki?

A'a. Zai lalata robobin ciki ya jawo maka yoyo ta ko'ina. Duba murfin tankin, yawancin tsofaffin Toyota ATF suke sha, jan man nan na giyar otomatik. Kuma ka nemo inda yake zuba.