Ba kundin suke fasawa ba, mabuɗi suke sacewa

Ɗana, ka tambaye ni: in kundin bulokcen, wato rajistar hada-hadar kuɗin intanet, yana rarrabe a kwamfutoci masu yawa, kowace da kwafinta, ba mai iya goge abin da aka rubuta, to ta ina ɓarayi ke kwashe kuɗi?

Yawanci ta ƙofa suke shiga. Kundin bai san fuska ba, sa hannu kawai ya sani. Duk wanda mabuɗin sirri, wato lambar ɓoye da ake sa hannu da ita, ya faɗa hannunsa, a wurin kundin shi ne mai dukiya, kuma abin da ya fitar ya fita ke nan.

Dubi abin da ya sami Ronin, hanyar kuɗin wasan Axie Infinity, a watan Maris na 2022. A lokacin masu tantancewa, wato masu amincewa da fitar kuɗi, 9 ne, sai 5 sun sa hannu kuɗi ke fita. In ka ji haka sai ka ce tsari ya yi. To amma 4 daga ciki suna hannun kamfani ɗaya, Sky Mavis. Kamar a sa wa siton shinkafa a Birnin Kebbi kwaɗuna da yawa ne, sannan a zuba mabuɗan a aljihun mai gadi ɗaya. Na biyar ɗin kuwa shi ya fi ci mini rai. A Nuwamban 2021, da jama'a suka yi yawa, ƙungiyar Axie DAO, mai riƙe da wannan mabuɗi na biyar, ta ba kamfanin izinin sa hannu a madadinta. Cunkoso ya wuce, ba a janye izinin ba. Ta nan ɓarayin suka cike biyar, suka kwashi fiye da dala miliyan 600, sai bayan kwana 6 aka farga. Hukumar FBI ta Amurka ta ce 'yan Lazarus ne, gungun masu kutse na Koriya ta Arewa.

Shi ya sa nake matsa maka a kan izini. A tsarin da ba kowa ke shiga ba, irin Hyperledger Fabric wanda aka gina eNaira, kuɗin intanet na Babban Bankin Najeriya, a kansa a 2021, kowane mutum da kowace kwamfuta sai da takardar shaida. Mai karanta kundi kawai, kada ka ba shi damar rubutu, ko da shi ne shugaba. Za su ji haushi, wani ma ya ce ka raina shi. Ka ba shi haƙuri, amma kada ka buɗe. Mabuɗan manya a raba su ga mutane daban, a wurare daban, kan na'urar da ba ta haɗe da intanet. Izinin wucin gadi kuma, ranar da ka ba da shi ka rubuta ranar karɓe shi.

Gobe in Allah ya kai mu, buɗe jerin masu izini na ƙungiyar manoman nan da muke kula da tsarinsu. Duk sunan da ka kasa faɗin dalilin zamansa a ciki, ware mini shi, mu kira sakatarensu kafin azahar.