Tausar Dannawa: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk sun karkata ga tausar dannawa, wato akufuresha, tsohuwar hanyar Sinawa ta danna wasu wurare a jiki don rage ciwo. Wuraren da masu akufanca ke caka wa allura ne, sai dai a nan yatsa ke aiki.

Wata mai ciki wata uku ta rubuto: "Tashin zuciya ya hana ni sakat. Na ga wani abin ɗaurawa a hannu mai ɗan maɓalli a ciki. In saya?"

Sannu 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Abin da kika gani irin su Sea-Band ne, aikinsa danna wurin da Sinawa ke kira Neiguan, ko P6. Kafin ki fitar da kuɗi, gwada da hannunki. Juya tafin hannu sama, jera yatsu uku daga layin wuyan hannu, inda na ukun ya tsaya za ki ji jijiyoyi biyu a miƙe. Tsakaninsu ne. Danna da babban yatsa kamar minti biyu, ki koma ɗaya hannun. Cikin duk wuraren dannawa, wannan ne aka fi yi wa bincike game da tashin zuciya. Wasu na samun sauƙi, wasu ko gezau. In ya yi miki, saya. Amma kada ki bari a danna miki tsakanin babban yatsa da manuniya, ko saman idon sawu ta ciki, su kansu masu sana'ar suna hana masu ciki. In kuwa amai ya kai ko ruwa ba ya zama, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira.

Wani ma'aikaci ya ce kansa na sarawa in ya daɗe gaban kwamfuta. Malam, ba ka buƙatar sayen komai. Matsa naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, wurin da ake kira Hegu, na minti ɗaya, ka tashi ka miƙe wuya. Ciwon kan da ya faɗo lokaci guda da tsanani, ko ya zo da nauyin harshe ko mutuwar ɓangaren jiki, wannan na likita ne, da gaggawa.

"Zobe mai maganaɗisu da ake sa wa a yatsan ƙafa yana rage tumbi?" A'a. Aljihu yake ragewa.

Sai wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani matashi yana so ya saya wa mahaifinsa mai ciwon suga da hawan jini wani alƙalamin lantarki da silifa mai tsinaye, don mai tallan ya ce in ana amfani da su za a daina shan magani.

Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce, Allah ya yi maka albarka, amma ka riƙe kuɗinka. Na taɓa sayen irin alƙalamin nan don in ga ƙwal uwar daka. Da na kwance shi, batir na tarar, da ɗan ƙarfe a baki, da 'yar fitila ja. A jikin kwalin kuwa an jero cututtuka sun fi ashirin. Abu ɗaya ya warkar da suga da basir da rashin haihuwa? Ai ko a mafarki.

Masu tallan za su ce maka Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Abin da ofishinta na yankin Yammacin Fasifik ya fitar a 2008 takarda ce da ta daidaita inda wurare 361 suke a jiki, don masu sana'ar su daina saɓani. Ba ta ce danna su na sauke suga ba. Hanyoyin da masu sana'ar ke cewa ƙarfin rai na bi ta cikinsu, waɗanda ake zanawa a taswirar jiki, su ma masu fiɗa ba su gan su ba. Dannawa na iya sassauta tsoka, ta kwantar da hankali, ta rage zafin ciwo na ɗan lokaci, iyakarta ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma wanda ya ajiye maganin hawan jini saboda ya ji jikinsa sakayau, shanyewar ɓarin jiki yake gayyata, don hawan jini ba ya sallama.

Silifan ne ma ya fi ba ni tsoro. Ciwon suga na kashe jijiyoyin ƙafa, Baba zai taka tsini ya huda shi bai ji ba, ƙaramin rauni ya zama gyambon da ake yanke ƙafa saboda shi. Ka saya masa takalmi mai laushi da na'urar awon suga.

Mai tambaya kan tabarma mai ƙayoyin roba don ciwon baya: ba laifi, shimfiɗa siririn zane a kai, minti goma ya isa da farko. Ban da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ban da mai rauni ko ƙuraje a baya.