Aji ya cika maƙil, anya koyarwa ta hanyar aikin bincike za ta yiwu?

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗalibaina sun haura 70. A wajen bita an ce mu riƙa ba yara aikin bincike su koya da hannunsu. Ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da intanet. Anya zai yiwu ba tare da na kasa kammala manhaja ba?

Amsa: Malama, zai yiwu. Inda yawancin malamai ke tuntuɓe shi ne sai sun gama darasi kaf, sannan su ce yara su je su zana hoto a kwali. Wannan ado ne kawai. Abin da ake so, aikin da kansa ya zama darasin. Ba sabon abu ba ne: John Dewey, masanin ilimi ɗan Amurka, ya gwada shi a makarantarsa ta Jami'ar Chicago tun 1896, almajirinsa William Kilpatrick kuma ya tsara shi a rubuce a 1918.

Ki fara da tambayar da ta shafi yaran. Misali, a damina: "A ina sauro ke hayayyafa a unguwarmu, kuma me za mu yi?" Ki raba su rukuni takwas ko goma, kowane rukuni da layinsa. Su zagaya su gano kududdufai, kwatami, tsoffin tayoyi da randunan da ba a rufe ba, su zana taswira, su ɗebo ruwa a kwalba mai rufin gidan sauro su ga tsutsa tana rikiɗa. Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro bai fi mako biyu ba, don haka aikin ba zai cinye miki zangon karatu ba. Cikin haka kin koyar da rayuwar ƙwari, tsaftar muhalli da zazzaɓin cizon sauro, ga lissafi ya shigo wajen ƙidaya. A ƙarshe su gabatar wa mai unguwa ko ƙungiyar iyaye da malamai. Yaro in ya san manya za su saurare shi, ba ya yin aikin ganin dama.

Matsalar babban aji ita ce 'yan rakiya, biyu su yi aiki, sauran su ci maki. Ki ba kowa aikinsa, mai rubutu, mai awo, mai zane, mai bayani, sannan rabin makin ya fito daga gwajin da kowa zai yi shi kaɗai. A ganina aiki ɗaya a zango ya isa, sauran darussa ki koyar yadda kika saba.

Kayan aiki kuwa, ki nemi darussan TESSA, shirin horar da malaman Afirka na jami'ar Open University ta Birtaniya, kyauta ne, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna na cikin waɗanda suka yi aikin. Shafin intanet na PBLWorks, ƙungiyar da ke tallafa wa koyarwa ta hanyar aikin bincike, yana da samfurin tsarin aiki da takardar auna maki. Ki sauke a waya sau ɗaya, ki buga ki ajiye.